Tambaya da Amsa: Shiga Jirgin Ƙasa Mai Kwal Na Zamanin Sarauniya Biktoriya

Assalamu alaikum, masu karatu. A wannan fitowa wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan batu guda, wato tsofaffin jiragen ƙasa masu aiki da kwal da tururi, waɗanda aka gyara aka mayar bakin aiki a wasu layukan dogo na tarihi. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu canza ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana karatu a Ingila, kuma cikin yardar Allah zan je bikin kammala karatunsa a watan Yuli. Ya ce zai kai ni in shiga jirgin ƙasa mai kwal wanda aka ƙera tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Shin da gaske ne inji mai waɗannan shekaru yana jan mutane har yau, kuma babu ganganci a shigarsa? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun yaron, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Abin da ya faɗa maka gaskiya ne. Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma akwai kawunan jirgi da aka ƙera a tsakanin waɗannan shekaru waɗanda har yanzu ake hura musu wuta suna jan taragun fasinja. Shawarata a taƙaice ita ce ka amsa gayyatar ɗanka, domin abu ne da ya cancanci mutum ya ba shi yini guda.

Wurin da zan fara ambata maka shi ne layin Talyllyn, a yankin Wales. An shimfiɗa shi a 1865 domin kwaso dutsen silet, wanda ake rufin gidaje da shi, daga ma'adinar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn da ke bakin teku. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 3, tsawonsa kuma kusan kilomita 12. Kawuna biyu aka saya masa tun farko, ɗaya mai suna Talyllyn na 1864, ɗaya kuma Dolgoch na 1866, kuma dukansu biyun suna nan a layin da aka saye su dominsa, tare da taragun farko na wancan lokaci. Da ma'adinar ta rufe, mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya ci gaba da tafiyar da jirgin duk da ba ya kawo riba, har ya rasu a 1950. Sai wasu masu sha'awar jirgin ƙasa, ciki har da marubuci Tom Rolt, suka kafa ƙungiya suka karɓi layin, suka fara jigila da kansu a watan Mayu na 1951. Wannan ne karo na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto layin dogo suka riƙe shi, kuma daga nan sauran suka ɗauki darasi. A arewa da shi akwai layin Ffestiniog, mai kusan kilomita 22 daga Porthmadog zuwa Blaenau Ffestiniog, inda ake da kan jirgi mai suna Prince na 1863, da wani mai fuska biyu da bututun hayaƙi biyu, Merddin Emrys, wanda aka ƙera a ma'aikatar layin a 1879.

Idan Wales ta yi muku nisa, layin Bluebell da ke Sussex ya fi kusa da Landan. Jirgin zamani zai kai ku East Grinstead cikin kimanin awa guda, kuma daga nan layin tarihin ya fara, ya yi tafiyar kusan kilomita 18 zuwa Sheffield Park. 'Yan sa-kai sun buɗe shi a 1960, kuma faɗinsa irin na manyan layuka ne. Suna da ƙananan kawuna biyu da aka ƙera a Brighton, Fenchurch na 1872 da Stepney na 1875, da kuma taragun katako na ƙarshen ƙarni na 19.

A nan akwai abin da nake so yaron ya kula da shi tun kafin ku sayi tikiti. Ba kowane jirgi mai hayaƙi ne na zamanin Biktoriya ba. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ba ta daina amfani da kwal ba sai a watan Agusta na 1968, saboda haka da yawa daga kawunan da ke aiki a layukan tarihi na shekarun 1930 zuwa 1950 ne, kuma fiye da 200 daga cikinsu an ceto su ne daga wani filin gwangwan a garin Barry. Su kuwa tsofaffin na gaske ba kullum suke kan aiki ba, domin akan janye kowanne shekaru a jere idan lokacin babban gyaransa ya yi. To, ya duba shafin layin a intanet ko ya buga musu waya ya tambayi kan da zai ja jirgi a ranar da kuka zaɓa.

Game da yadda tafiyar take, na taɓa samun damar shiga na Talyllyn, kuma abin da na fi tunawa shi ne cewa tafiyar tana farawa ne tun jirgin bai motsa ba. Ka isa tasha da wuri ka tsaya kusa da kan. Za ka ji zafin murhu yana bugun fuskarka, ka ji warin kwal da man inji mai ɗumi, ka ga direba yana zagayawa da butar mai yana ɗiga wa kowace gaɓa, mai zuba kwal kuma yana gyara wutarsa da shebur. Babu abin da ke ɓoye a wannan inji, domin sandunan da ke juya ƙafafun a waje suke, kuma ko yaro zai iya bin su da ido ya gane wanne ke tura wanne. Idan mai kula da taragu ya busa usur ya ɗaga koriyar tuta, direba zai amsa da nasa usur ɗin, sai farin tururi ya feso daga ƙasan silinda, taragu su ja juna ɗaya bayan ɗaya, sannan numfashin injin ya fara fita daga bututu a hankali, yana ƙara sauri. A kan hawa sautin yakan yi nauyi har ka ji wahalar da injin ke sha a jikin kujerarka, a gangare kuma ya yi shiru sai ƙarar ƙafafu a mahaɗar dogo. Kujerun tsofaffin taragu ƙanana ne, wasu katako ne zalla, kuma a da yawa daga cikinsu da maɗaurin fata ake ɗaga taga ko a sauke ta. Za ka kuma lura cewa a layi mai hanya ɗaya direba ba ya shiga wani yanki sai an miƙa masa sanda ko alamar ƙarfe ta wannan yankin, wadda ita ce shaidar cewa babu wani jirgi a gabansa.

Amma abin da ya fi girma a wurina ba ƙarfen ba ne, mutanen ne. Wanda ya sayar maka da tikiti, da mai share tasha, da mai jan sigina, da sau da yawa shi kansa direban, ba albashi suke karɓa ba. Akwai likita a cikinsu, akwai malamin makaranta, akwai tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya, akwai kuma matasa da suka fara daga goge jikin inji, suna fatan bayan shekaru su zama masu zuba kwal, daga nan su zama direbobi. Inji mai shekara 150 bai rayu don an ajiye shi a ɗaki an kulle ba, ya rayu ne domin a kowane zamani an samu waɗanda suka koyi aikinsa daga na gabansu suka koya wa na bayansu. Ka ja ɗayansu da hira, za ka tarar suna murna da mai tambaya.

Batun ganganci kuwa, ka kwantar da hankalinka. Yawancin waɗannan layuka doka ta taƙaita gudunsu ga mil 25 a awa, wato kimanin kilomita 40, ƙananan ma ba sa kaiwa haka. Hukumar da ke sa ido kan manyan layukan Birtaniya ita ce ke sa ido a kansu, kuma babu tukunyar jirgin da ake hura wa wuta ba tare da takardar shaidar mai bincike ba. Abin da ya rage gare ka shi ne kada ka buɗe ƙofa jirgi na tafiya, kuma kada ka miƙa kai waje ta taga.

TAMBAYA: Ni ɗalibin fannin injiniya ne. Ina so a bayyana mini yadda kan jirgi mai tururi yake aiki da yadda ake gyara shi. Kuma idan an sauya masa sassa da yawa, shin ya halatta a ci gaba da cewa na 1860 da wani abu ne? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Ɗana, asalin abin ka san shi tun a gida, domin ƙarfin da ke ɗaga murfin tukunya idan ruwa ya tafasa shi ne ke jan jirgin, sai dai an tsare shi an ba shi hanya. Ruwa idan ya zama tururi a sarari yakan ninka girmansa fiye da sau 1,600, saboda haka idan aka hana shi wurin faɗaɗa sai matsinsa ya hau. A bayan tukunyar akwai murhu wanda ruwa ya kewaye shi, daga murhun kuma bututaye masu yawa suka ratsa cikin ruwan zuwa gaba, zafin wuta yana bi ta cikinsu. Direba yana buɗe wa tururin hanya zuwa silinda, inda wani bawul mai kai-komo yake shigar da shi gaban fistin sannan bayansa, fistin ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Tururin da ya gama aiki ba a barinsa ya tafi a banza. Ana harba shi sama ta cikin bututun hayaƙi, kuma wannan harbin yana zuƙo iska ta cikin murhu, ta yadda duk lokacin da injin ya ƙara ƙoƙari wutarsa ma sai ta ƙara ƙarfi. A inji mai silinda biyu za ka ji numfashi huɗu a kowane juyi ɗaya na ƙafa. Wannan tsari, na bututaye masu yawa da harbin tururi, an haɗa shi a kan jirgin nan mai suna Rocket na gidan Stephenson, wanda ya ci gasar Rainhill a 1829, kuma a kansa aka ci gaba da gini har ƙarshen zamanin kwal. Rauninsa shi ne ɓarna, domin abin da ke zama aiki daga zafin kwal ɗin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma hura shi daga sanyi yana cin sa'o'i, tunda gaggawa tana lalata ƙarfen tukunya.

Babban haɗari a irin wannan inji shi ne ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya fito fili. Don haka akwai gilashin duba ruwa a gaban mai zuba kwal, akwai bawul da ke sakin tururi da kansa idan matsi ya wuce iyaka, akwai kuma wata toshiya mai darma a rufin murhun wadda ke narkewa idan zafi ya yi yawa, ta saki tururi cikin wuta don gargaɗi. Birki mai kama kowane tarago da kansa idan jirgi ya tsinke ya zama wajibi ne a dokar Birtaniya ta 1889, bayan hatsarin jirgi na Armagh, a Ireland, na wannan shekara wanda ya kashe mutum 80.

Gyara kuwa aiki ne na haƙuri. Ana duba tukunya kowace shekara, kuma kusan kowace shekara goma sai an ɗaga ta daga kan firam an tuɓe ta. A cire bututayen a sa sababbi, a auna kaurin ƙarfe, a duba ɗaruruwan ƙusoshin da ke riƙe bangon murhu, wanda a tsofaffin injunan Birtaniya galibi na jan ƙarfe ne. Bayan an haɗa, sai a cika ta da ruwan sanyi a matsa shi fiye da matsin aikinta, domin idan akwai rauni ruwa zai tsiyaya ne kawai, alhali tururi fashewa zai yi. Sai ta ci wannan jarrabawa ake hura wuta. Sassan da suka lalace babu kantin da ke sayar da su, sai a koma zanen asali ko a auna tsohon a zuba sabo.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe, kuma su kansu masu gyaran suna muhawara a kanta. Gaskiya ne cewa a kan kamar Prince ko Dolgoch an sauya tukunya da sassa da yawa. Ra'ayina shi ne wannan bai ƙaryata shekarunsu ba, domin tun suna sababbi haka ake yi musu, kuma kamfanonin da suka mallake su a ƙarni na 19 ba su taɓa ɗaukar tukunya a matsayin abu na dindindin ba. Abin da ake bi shi ne tarihin injin bai yanke ba, tsarinsa da aikinsa kuma suna nan yadda maƙeransa suka nufa. Wanda aka kulle a gidan tarihi ya fi riƙe ƙarfensa na asali, amma ba zai koya maka yadda ake riƙe wuta a kan hawa ba. Muna bukatar iri biyun, sai dai wajibi ne masu layi su faɗi gaskiya game da abin da aka sauya.

TAMBAYA: Ina da asma, kuma ina so in tafi da jikokina. Hayaƙin zai cutar da mu? Daga wata uwa a Hotoro.

AMSA: Hajiya, hayaƙin kwal yana iya tayar da asma, don haka ki nemi shawarar likitanki kafin tafiya, ki kuma riƙe maganin shaƙarki a jaka. Ki zaɓi rufaffen tarago mai nisa da kan jirgin, ki rufe taga kafin a shiga hanyar ƙarƙashin tudu, kamar wadda ke layin Bluebell mai tsawon fiye da mita 600. Ƙananan ɓurɓushin kwal sukan shigo ta taga su faɗa ido ko su ɓata tufafi, saboda haka fararen kaya da leshi mai tsada ba na ranar ba ne. Yara kuwa ki riƙe hannunsu a tasha, kuma ki shirya su tun da wuri cewa usur da sakin tururi suna da ƙara. Ki tafi da guzurinku da abin sallah, domin tashoshin a ƙauyuka suke.

TAMBAYA: Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a tashar Kano, yana zuba kwal a jirgi kafin zuwan na dizal. Shin jiragen da suka fara zuwa Kano na zamanin Biktoriya ne? Kuma akwai inda za mu ga irinsu a ƙasar nan? Daga wani dattijo a Fagge.

AMSA: Baba, Allah ya jiƙan mahaifinka ya yi masa rahama, domin aikin da ya yi yana daga mafi wahala a reluwe. Jirgin ƙasa ya iso Kano ne a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, shekara goma bayan rasuwar Sarauniya Biktoriya. An fara aikin layin a 1907 daga Baro, a bakin kogin Kwara, lokacin da Sir Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, yake shugabantar Arewa, kuma a 1912 aka haɗa shi da layin Legas. Saboda haka layin Kano ba na zamaninta ba ne, ko da yake fasahar iri ɗaya ce. Wanda ya taɓa zamaninta shi ne layin Legas zuwa Ibadan, wanda aka fara a shekarun 1890 aka buɗe a watan Maris na 1901, 'yan makonni bayan rasuwarta. Faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, ya fi na Talyllyn faɗi amma bai kai na Bluebell ba, wanda shi ne daidai da sabon layin Abuja zuwa Kaduna na 2016.

Turawa sun shimfiɗa layin da fatan kwasar auduga, amma manoman ƙasar Kano da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma daga nan ne cinikin da ya ɗaukaka irin su Alhassan Ɗantata ya bunƙasa, har aka kai ga dalar gyaɗa da ke jiran taragu. Kwal ɗin da mahaifinka ya riƙa zubawa daga Inugu yake zuwa, inda aka gano shi a 1909, aka kuma haɗa garin da Fatakwal ta layin dogo a 1916. Daga baya layi ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, kuma daga wannan lokaci ne kawunan dizal suka fara karɓar aikin sannu a hankali.

A yau ba mu da layin tarihi da aka keɓe inda jirgin kwal ke jigilar masu ziyara a kai a kai, amma akwai abin gani. A Minna an ajiye ƙaramin kan jirgin da ya yi aiki a layin Wushishi da Zungeru a farkon ƙarni na 20. A gidan tarihi na Jos akwai ragowar kayan ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos domin kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas kuma akwai gidan Jaekel, ginin 1898, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe.

Abin da ke damuna, Baba, shi ne a Kano, garin da jirgi ya sauya wa tattalin arziki baki ɗaya, yaro zai girma bai taɓa ganin abin da ya ja gyaɗar kakanninsa zuwa teku ba. Ba hannu muka rasa ba, domin duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ya ga yadda maƙera da kanikawa ke tayar da injin da aka fid da rai da shi ya san muna da gwanaye, ga kuma sassan injiniya a Jami'ar Bayero da kwalejin fasaha ta jiha. Hura wa tukunya wuta babban aiki ne mai bukatar kuɗi da ƙwararrun masu bincike, kuma ba da shi ake farawa ba. Ana farawa ne da hana a yanka abin da ya rage a sayar wa 'yan gwangwan, a sa masa rumfa, a rubuta tarihinsa, sannan a zauna da tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da ke raye a naɗi bayaninsu. A nan ne kake da rawar takawa. Idan mahaifinka ya bar hotuna, ko takardar ɗaukar aiki, ko hula, ko fitilar aiki, ka sa 'ya'yanka su ɗauki hotonsu su rubuta abin da ka sani game da kowanne, da sunan tashoshin da ya yi aiki da shekarun. Ka kai kwafi Gidan Makama ko Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, ka riƙe na asali a wurinka. Idan kuma kana neman ƙarin bayani kan yadda aka gina layin Baro zuwa Kano, takardun zamanin mulkin mallaka na Arewa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuma ɗaya daga cikin jikokinka zai iya zuwa ya nemi izinin dubawa.